Yatsu Biyu a Kan Sandar Ɗuri

Shekara bakwai ke nan da bindigar toka ta fashe a hannun yayana Sale, kuma akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba game da safiyar nan.

Sale maƙeri ne a unguwar Hindawiyya, can ƙasa mai tsarki, mutum mai taurin kai na gani kashe ni. Muna da garken tumaki a bayan iyakar Harami, inda farauta ta halatta, sai kura ta addabe mu. Sau biyu yana harbinta da dalma, sau biyu dalmar tana baje a ƙashin kafaɗarta, ta tsere da jini ta dawo ta farke cikin wani ragon. Ransa ya ɓaci. Ya ce jan ƙarfe zai yi mata, don shi ba ya baje, ratsawa yake yi. Ya ƙera harsashin da hannunsa.

Sai dai dalma tana da laushi, in ka danna ta a bakin bindiga sai ta bi. Jan ƙarfe ba ya lallasuwa. A jikin sandar da muke ɗuri da ita akwai zane da mahaifinmu ya yi: in zanen ya yi daidai da bakin bindiga, harsashi ya zauna kan albarushi. In bai kai ba, ba a harbi.

Da hantsi kurar ta fito daga kwazazzabo tana ɗingishi. Sale ya danna harsashin, ya doka, ya sake dokawa. Da idona na ga zanen ya tsaya yatsu biyu a sama. Na ce, "Yaya..." Ya ce, "Halas, yalla, matsa!" Na matsa gefe. Tun tasowarmu ban taɓa gyara masa aiki ba.

Ƙarar ta kurmantar da ni. Bututun bindigar ya dare gida biyu, yatsunsa uku suka faɗi cikin yashi, wani ɓarin ƙarfe ya shige ƙarƙashin muƙamuƙinsa. Na toshe ramin da rawanina, jinin yana tsartuwa ta tsakanin yatsuna. Kafin mu kai kwalta ya cika. Kurar kuwa ko ƙwarzane.

Yau samari a shagon shayi na unguwar Rusaifa suna nuna mini a waya harsasan jan ƙarfe na kamfani, kowanne da rigar roba da ke sa shi sulalewa. Da Sale yana nan, da ya ce, "Ai na riga su!" Da gaskiyarsa. Gwajin kauri kawai ya rasa, da ƙanin da zai iya buɗe baki.

Matarsa Rabi ta rataye sandar a falonta a unguwar Ka'akiyya. Duk zuwana sai ta ce, "Ƙanina, ka yi iya ƙoƙarinka." Ina sunkuyar da kai, kunya tana cina.

Allah ya jiƙan Sale. Rabi, ki gafarce ni: na ga zanen.