Sun Ƙone Furenki, Inna Hawu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 23 ga Oktoba, 2024, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran Siti Hawa, wadda duk ƙauyenmu na gefen birnin Bima, a ƙasar Indonesiya, ke kira Inna Hawu. Shekarunta saba'in da huɗu. An ce mini in rubuta ta'aziyya mai sanyi. Ki gafarce ni, Inna, ba ni da sanyin.

Ni Nurjana ce, maƙwabciyarki, wadda kika yi wa wankan jego. Na san yadda maƙabartarmu take kafin ki sa mata hannu: jar ƙasa a gindin tudu, wata bakwai rana na gasa ta har ta tsage, damina ta zo ta kwashe kan kaburbura. Da mijinki ya rasu, shekara ashirin da suka wuce, kika soka ɗan reshen furen ƙarfe tara a kan kabarinsa, furen nan mai kaurin ganye da ke rarrafe a ƙasa, ya buɗe da hantsi ya rufe da rana ta take. Ya kama. Sai kika wuce kabarin kusa, daga nan na gaba, har na baƙon masuncin da teku ta kawo ba a san sunansa ba. Aka wayi gari maƙabartar ta lulluɓe da ja da rawaya, ƙasa ta daina zaizayewa.

Da ɗiyata ta rasu tana wata huɗu, kullum ina bakin kabarinta da bokiti, ina kwarara wa furen da kika dasa ruwa. Kika riƙe mini hannu kika ce, “Nurjana, ruwa ne ke kashe shi. Ki bar shi da ranarsa. Ke ma tashi ki je ki ci abinci.” Ranar na fara cin shinkafa bayan kwana uku.

A ƙarshen Satumba, Fudi, ɗan ƙanen mijinki da ya girma a ɗakinki, ya share tudun da ke saman maƙabarta zai shuka masara. Ya yi feshin maganin kashe ciyawa ranar da iska ke kaɗawa ta gangare. Mutum biyu sun ce masa ya bari iska ta kwanta, ya ce ma'aikatansa ba za su jira ba. Cikin mako guda aikin shekara ashirin ya koma baƙi ƙirin, kamar an bi shi da wuta.

Ni na raka ki wurin dagaci kai ƙarar Fudi. Ina tsaye ya yi dariya ya ce, “Haba Inna, ciyawa ce fa! Matattu sun aiko ki ne?” Fudi kuwa ko kai bai ɗaga daga wayarsa ba, ya ce, “Inna, masara ake ci.” Kika dube shi kika ce, “Ubanka na ƙarƙashin wannan ciyawar.”

Washegari kika ɗauki kwando, kina bin ƙauyuka a ƙafa kina roƙon rassa a gidajen da kika taɓa ba su iri. Na hana ki, 'ya'yanki sun hana ki ta waya. Kika ce sai kin rufe ƙasar kafin ruwan farko, kada ya tone mutane. Mako uku kina durƙushe a zafin Oktoba, ba wanda ya taya ki cikin waɗanda suka yi ɓarnar. Wata mai kiwon awaki ce ta tsince ki kife tsakanin kaburbura, laka a hannunki. Ba ki kai asibiti ba.

Na san ajali ne, ban musa ba. Amma ajali bai wanke kowa ba. Ranar jana'iza dagacin nan ya aiko da ƙaton allon ta'aziyya mai furannin roba, an rubuta sunansa da harufan da suka fi naki girma. Ya miƙe a gaban jama'a ya kira ki uwar ƙauye, har da share ido. Na ciji harshena don gawarki tana wurin. Ranar addu'ar bakwai ya dawo ya ci kifi ya ƙara. Har yau ba wanda ya buɗe baki ya ce ya yi kuskure. Ni ma da laifina: na hana ki da baki, ban ɗauki kwando na bi ki ba. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Allah Ya jiƙanki, Inna Hawu. Ya yafe kurakuranki, Ya yalwata kabarinki, Ya sanyaya makwancinki fiye da yadda muka iya sanyaya miki duniya. Ina miƙa ta'aziyya ga ɗiyarki Ramla, da ɗanki Hamid da bai iso daga birnin Makassar ba sai bayan an rufe ki, da jikokinki bakwai. Allah Ya ba ku juriya.

Fudi, liman ya ce kai ma in gaishe ka, domin kai ma ɗanta ne. To, na gaishe ka. Allah Ya ba ka haƙuri, kada kuma Ya ba ka mantuwa.