Aljihu na Goma Sha Biyu

Shekara ashirin da ɗoriya ina ɗinki a Babbar Kasuwa ta Yamai, kuma abin da na fi taƙama da shi idona ne. A kawo mini hoto, ko na tsohuwar jarida ne, in kalla sau biyu in fitar da irinsa. Ba na tambayar mai kaya inda zai sa, ba na tambayar don me. Telan da ya cika tambaya, a ganina, aikin ne ya fi ƙarfinsa yake neman hanyar zillewa. Akwai kuma wata ɗabi'a da na taso da ita tun a shagon maigidana a Maraɗi: in na gama riga, sai in rubuta sunan mai ita da lambar wayarsa a 'yar takarda in cusa a aljihu, don kada kaya su rikice. Waɗannan halaye biyu ne suka kusa ja wa wata baiwar Allah masifa a bazarar da ta wuce.

Ɗiyar Mushe ce. Ranar da na sauka Yamai da keken ɗinki da tabarma, a gidan Mushen nan, wani malamin makaranta ɗan Dogon Dutsi, na samu ɗaki, can unguwar Lamorde. Shi Kirista, ni Musulmi, amma shekara bakwai matarsa ke ajiye mini ruwan sanyi na shan ruwa duk azumi. Ɗiyar tasu a gabana ta yi rarrafe, ni na ɗinka mata rigar makaranta ta farko. Yanzu ta kai ashirin da shida, ta gama karatun jinya, ta ci jarrabawar ɗaukar ma'aikata bayan faɗuwa biyu. Abu ɗaya ya rage: binciken hali. Ana bin sunan kowa a ofisoshi a ga ko ya taɓa shiga wata magana, sannan a ba shi takardar aiki. Duk gidan a kan wannan takarda suke kwana suke tashi.

Aibinta ɗaya, in aibi ne: wasan harbe-harbe na tele. Tana zuwa wani ɗakin wasa kusa da jami'a, ta riƙe manet, abin sarrafa wasan, ta karkashe samarin unguwa ɗaya bayan ɗaya. Nakan tsokane ta in ce da safe ta ɗaure ciwo, da yamma ta buɗe wani. Wasan da take so iri ɗaya ne da aka daɗe ana fitarwa, kashi bayan kashi, tun tana 'yar firamare. Wata Talata ta faɗo shagona tana haki, ta tura mini waya a fuska.

"Kawu, dubi wanga! Sabon zai fito bayan damina. Na 'yan leƙen asiri ne wannan karon."

Talla ce ta minti biyu. Sojoji a wani gari mai sanyi, jirage, ɗakuna cike da taswira, mutane na raɗa a waya, sai harbi ta ko'ina. Ni dai ban fahimci wa ke bin wa ba. Amma akwai wata mace a ciki sanye da falmaran mai aljihuna birjik, kuma nan idona ya tsaya. Ta ce ranar da wasan zai fito za a yi gasa a ɗakin nasu, kowa ya zo da shigar wanda yake so. Ita wannan matar take so.

"Ka iya kuwa, Kawu? In ya yi wuya ka faɗa mini, sai in nemi wani."

Ta san inda za ta taɓa ni. Na ce ta tura mini tallar ta ɓace mini da gani.

Kwana tara na yi a kan rigar nan. Na samo yadi mai rodi-rodi, kore da ƙasa-ƙasa, a layin 'yan gwanjo. Ina tsayar da tallar ina matso da hoto har sai na ga inda zare ya bi. Aljihu goma sha ɗaya na ƙirga a fili. A kafaɗa akwai tambari da wasu haruffa da ban san na wace ƙasa ba ne, na zauna na saƙa su da hannu, ɗigo bai ɓace ba. Maƙwabcina mai sayar da maɓalli, wani Bazabarme, ya leƙo ya ce, "Kai, wannan ai kayan soja ne. Ka san garin da muke ciki yanzu?" Na ce masa ranar da na fara koya masa sayar da maɓalli, ya zo ya koya mini ɗinki. Gaskiya ya faɗa. A watannin nan ba abin da ake yi a fada, wurin hirar unguwa, da tasha sai zancen 'yan leƙen asiri, kowa na kallon baƙon fuska sau biyu. Na ji shi sarai, girman kai ne ya toshe mini kunne.

Sai a kallo na wajen talatin na lura da wani abu. Kusa da ƙarshen tallar, bayan wata mota ta kama wuta, matar takan zura yatsu biyu ƙarƙashin hammatarta ta hagu ta zaro takarda. Ashe akwai aljihu na goma sha biyu. Na yi kwana biyu a kansa shi kaɗai. Na sa shi tsakanin yadi da shafi, bakinsa ya kwanta cikin ɗinkin gefe, yadda ko ni sai na laluba. Da na gama, na rubuta sunanta da lambarta kamar kullum. Maimakon in sa a aljihun gaba, sai na ce bari in yi mata wasa: na cusa a na ɓoyen, in ga ko 'yar leƙen asirin za ta gano.

Bayan la'asar ranar Alhamis na ɗaure rigar a leda bayan moto, babur ɗina ke nan, na rataya jakar aikina, na nufi Lamorde. Na bi ta gefen unguwar Plateau, na gangaro wajen gada. Nan na tarar da shinge, ana tsayar da masu moto ana duba kaya. Ko a jikina. Na miƙa takarduna ina ma gaishe su. Wani matashi cikin masu kakin ya kwance ledar, ya ɗaga rigar sama da hannu biyu, sai na ga fuskarsa ta canza. Ya kira babbansu, wanda suke ce wa shef.

Aka ce in kashe moto in biyo su ƙarƙashin wata bishiya inda suka ajiye benci. Shef ɗin mutum ne mai furfura a gemu, ba ya ɗaga murya. Ya shimfiɗa rigar a kan bencin, ya shafa tambarin da babban yatsa.

"Ta wa ce?"

Sunan ya zo har bakina. Sai na ga littafin da ke kan cinyar wani daga cikinsu, da biro a hannunsa. Duk sunan da na furta a nan zai shiga littafin, daga littafin ya wuce ofis, kuma a ofis ake binciken hali. Na tuna Mushe zaune a ƙofar gida yana jiran takarda.

"Tawa ce, shef. Samfuri ne na yi, in rataya a shago."

"Samfuri. Kuma kake ƙetare gada da shi?"

Na ce zan nuna wa wani abokin sana'a ne. Muryata ni kaina ban yarda da ita ba. Suka fara buɗe aljihuna ɗaya-ɗaya, suna zura hannu har ƙasa. Ina ƙirgawa a zuci. Bakwai, takwas. Gumi na bin bayana har cikin wando. Sha ɗaya. Ba komai. Sai a lokacin abin ya faɗo mini: takardar. Sunanta cikakke, da lambarta, da rubutun hannuna, a aljihun da aka yi musamman don ɓoyo, cikin rigar soja mai tambarin wata ƙasa, a hannun mutumin da ya riga ya yi ƙarya.

Matashin ya ce, "Shef, wannan ba ɗinkin nan ba ne. Daga waje aka shigo da ita. Telan kasuwa bai iya wannan."

Ka ji wauta irin tawa: a cikin wannan hali, raina ya ɓaci. Na ce wa ya ce? Na fizgi rigar na juya cikinta ina nuna musu inda na ƙulle zare, inda allina ya bar shuɗin layi a shafi. Ina cikin bayani babban yatsana ya sauka a gefen hagu, na ji takardar ta yi ƙaras a ƙarƙashinsa. A kunnena kamar an taka busasshen kara. Na bar yatsan a wurin, na danne, na ci gaba da magana ban san me nake cewa ba.

Shef ya ce, "To, a ina ka ga irinta?"

Na ce a tallar wani wasan yara ne. Ya miƙo hannu. Ba yadda zan yi, na buɗe tallar na ba shi wayar. Su uku suka taru a kanta. Ina jin sautin daga inda nake tsaye, kuma na haddace shi kamar karatun allo: ƙarar jirgi, raɗa, harbi na farko, kiɗa ya sauya. Na san bayan harbi na biyu mota za ta kama wuta. Na san abin da matar za ta yi da yatsunta biyu bayan nan, kuma na san duk mai hankali da ya gani zai juyo ya laluba hammatar rigar da ke hannuna.

Harbi na biyu ya tashi.

"Shef!" Na faɗa da ƙarfin da ya sa mai littafin ya zabura. Duk suka ɗago. "Shef, na yi kuskure. In rigar ga ce laifi, ka ba ni izini in yanka ta nan gabanka. Almakashi na cikin jakata. Ba ni son ta kuma."

Ya dube ni. Wayar na hannunsa tana ta ƙara, ba mai kallonta. Na ji fashewar motar, na ji ɗan shirun da ke biyo baya, na ji kiɗan ƙarshe. Ta ƙare. Ya kalli fuskar wayar da ta yi baƙi, ya miƙo mini.

"Da niyyata in riƙe ta a kai ta sama a duba," ya ce. "Kai da kanka za ka yanka?"

"Da hannuna."

Ya sa matashin ya ciro almakashin ya ba ni. Na durƙusa a ƙasa. Gefen hagu na fara kamawa, na yanko ƙyalle kamar faɗin tafin hannu, na share gumin fuskata da shi kamar yadda kowane tela ke yi da ƙyallen da ya samu, na ci gaba da riƙe shi a dunƙule. Sannan na bi sauran. Kwana tara, aljihu bayan aljihu. Ban taɓa yin aiki mai kyan wannan ba, kuma na san ba zan sake ba. Da na zo kan tambarin hannuna ya ƙi, sai da na cije leɓe. Hawaye suka zubo mini, ban ɓoye ba, su ma ba wanda ya yi dariya.

Shef ya tattara guntayen da tambarin a leda ya ajiye gefensa. Aka rubuta sunana da lambar shagona a littafin. Ya ce, "Dattijo da kai. Hannunka na da kyau, ka sa masa hankali." Na ce na gode. Sau uku ina taka moto kafin ta tashi.

Na tarar da su a tsakar gida, Mushe na kan kujerarsa, ita tana wankin farar rigar asibiti. Ta taso da murna tana leƙen bayan moto.

"Kawu, ina take?"

Na buɗe hannuna na ba ta ƙyallen, ya jiƙe sharkaf. Ta juya shi, ta dube ni, ta ɗauka tsokana ce irin tawa. Na ce akwai aljihu a ciki, ta nemo. Ta laluba gaba, ta laluba baya, ta ɗaga shi a hasken yamma. Ba ta gano ba. Na kama yatsunta biyu na zura su cikin ɗinkin, ta zaro takardar. Sannan na zauna a bakin rijiya na faɗa musu komai, tun daga gada.

Ba wanda ya katse ni. Da na gama, Mushe ya cire tabarau ya riƙe a hannu, ya daɗe yana kallon ƙasa. Ita kuwa tana tsaye da takardar, tana karanta sunanta kamar yau ta fara ganinsa.

"Sunan wa suka rubuta, Kawu?"

Na ce nawa.

Ta ninke takardar ƙanana-ƙanana, ta mayar cikin aljihun da kanta, wannan karon ba tare da na nuna mata bakin ba. Sai ta durƙusa a gabana, da kumfar sabulu a hannunta, ta kifa kai a gwiwata tana kuka. Ni da na zo neman gafara, sai ga ni ina lallashinta.