Autan Tela a Bokitin Fenti

Duk layin babu wanda bai san Tela ba. Ba don iya ɗinki ba kuwa, don wuyan rigar da ya ɗinka sai ka yi addu'a kafin kanka ya shige. An san shi ne da wani ɗan itacen gahawa da yake reno a tsohon bokitin fenti.

Ƙaninsa, direban tirela, shi ya kawo masa dashen daga can ƙasar duwatsu mai sanyi. Ya dire shi a bakin shago ya ce, "Yaya, ranar da ya yi 'ya'ya, ni da kai za mu sha kofin farko." Tafiyar da ya yi bayan nan ba ta dawo da shi ba.

Shi ke nan, Tela ya zama shehin gahawa. Ka kawo facin wando, ka tafi da karatu kyauta: wai asalinta tsaunukan Habasha ne, wai akwai Arabika mai ƙamshi da son sanyi, akwai Robusta mai ɗaci da jure wahala. Nasa kuwa, da yake ɗan gata ne, Arabika ne, a garin da rana take narkar da silifas.

Fanka ɗaya ce a shagon, ta bokiti ce. Inuwar da matarsa take zama tsintar shinkafa, bokiti ya gaje. In famfo ya ɗauke, Auta ake fara ba ruwa, sunan da matar ta raɗa wa itacen ke nan, sannan 'yan Adam su bi layi.

"Malam, da ma ni aka dasa a bokitin nan," in ji ta wata rana.

"Ke ai Robusta ce," ya ce, ko ɗagowa daga keken ɗinki bai yi ba.

Shekaru suka shuɗe, yaran gida suka girma suka watse, Auta ban da ganye babu abin da ya sani. Sai da furfura ta cinye kan Tela sannan Auta ya ga dama ya yi fure, ya sako 'ya'ya jajaye, cikin tafin hannu ɗaya.

Tela ya ɓare, ya shanya, ya soya a kaskon matarsa har hayaƙi ya fito da maƙwabta riƙe da bokitai. Ya daka a turmin da ta gama dakan barkono, don ilimin shehi bai kai ga tambaya ba. Ya dafa, ya zuba kofi biyu, ya ajiye ɗaya a kan bencin da ƙaninsa yake zama.

To, shehin namu bai taɓa ɗanɗana gahawa ba tunda aka haife shi, mutumin shayi da madara ne. Ya kurɓa, ɗaci da ƙauri da yaji suka haɗu suka shaƙe shi. Hawaye suka zubo, ya ce barkono ne. Kofi na biyu yana ta hucewa, shi kuma ya kasa ɗauke ido daga kansa.

Matar ta goge hannu a zani, ta zauna a bencin, ta ɗauka ta shanye tas, fuskar nan a yamutse.

"Ya yi daɗi?" ya tambaya a hankali.

"Guba ne, Malam," ta ce. "Tashi ka matsar da Auta, rana ta fara taɓa shi."