Barau da In'inar Mati

Shekara goma sha huɗu Barau da Maude suka yi suna wasan barkwanci a kasuwannin Batsari da Safana kafin a ɗora musu kyamara. Barau dogo ne mai sanƙo, manomin gero daga Yasore. Maude gajere ne, shi ke riƙe kalangu. Ba su taɓa zama sun tsara abin da za su faɗa ba. Barau ya kwaikwayi wani, Maude ya yi ta katse shi, jama'a su yi ta riƙe ciki.

Suna da ƙa'ida guda da suka gada wurin maigidansu da ya koya musu wasan: ba a kwaikwayon mutum sai an gaishe shi an nemi izini, sai yana wurin, kuma shi ke da maganar ƙarshe. Wanda suka fi taɓawa shi ne Mati na Darini, dattijo mai sayar da kaji, mai in'ina. Mati kan tsaya gefen kejinsa yana jira Barau ya gama, sannan ya rama. Ya ce sanƙon nan ya isa a shanya barkonon gari guda. A hankali yake faɗa, da in'inar tasa, kuma dariyar da yake samu ta fi ta Barau. Ranar ba ya komawa gida da kaza ko ɗaya.

Wani mai shirya fim ya ga wasansu a waya, ya kira su Kano. Barau bai ji daɗin aikin ba tun farko. Ya saba ya jefa magana ya tsaya jama'a su yi dariya, a nan kuwa kowa ya yi tsit, sai darakta ya daka tsawa a yanke. Fim biyu suka yi ba wanda ya kula. A na uku, daraktan ya ce in ba su da abin da ya fi wannan su kama hanyar ƙauyensu. Barau ya laluba, abin da ya fi iyawa ya zo bakinsa: ya yi Mati yana cinikin zakara, har da sunansa da sunan garinsa. Masu riƙe fitila suka fashe da dariya. A ransa ya ce ai Kano da nisa.

Kafin a yi girbi, guntun fim ɗin da ya kwaikwayi Mati ya shiga wayar kowane ɗan acaɓa daga Safana zuwa Batsari. Da Mati ya buɗe baki zai faɗi kuɗin kaza, sai wani ya ƙarasa masa da muryar fim. Waɗanda bai taɓa gani ba suna nuna shi da yatsa. Kasuwa uku ya jure, daga nan ya daina fitowa.

Barau ya koma Kano a fusace, ya ce a cire wurin. Daraktan ya ce abin da ya shiga wayoyin mutane ba mai ciro shi, ya ma kawo shawarar a yi kashi na biyu. Abin da ya fi ƙona Barau shi ne Maude ya gyaɗa kai.

"Kai ma, Maude? Mutumin da muka ci tuwon gidansa?"

"Ni na kama sunansa ko kai, dogo? Yanzu da aka san mu za ka tsiro da tsoron Allah?"

Barau ya ɗaga hannu, ya sauke, don gaskiya aka faɗa masa. Tun daga ranar ba su sake gaisawa ba.

Barau ya tafi Darini. Mati ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, suka gaisa, aka tambayi gida da gona da dabbobi. Barau ya durƙusa ya ce, Baba, a yafe masa. Ya ce zai ɗauko mai kyamara da kansa, Baba ya rama yadda ya ga dama. Mati ya daɗe yana kokawa da maganar kafin ta fito, Barau ya jira kansa a ƙasa.

"Na yafe maka. Amma in rama a gaban wa? Masu kallo a waya ba su san ni ba. Ba su jira in gama."

Yanzu maƙwabcin Mati ke kai masa kaji kasuwa. Maude yana Kano da sabon abokin wasa. Barau ya koma gonarsa, ko biki aka gayyace shi ba ya zuwa. Amma ranar kasuwa yakan shigo Batsari, kunnensa a buɗe. Da ya jiyo muryarsa ta fim na fita daga wayar wani, sai ya yi kansa, ido jajur, yana tambaya ko ubansa aka yi wa haka zai kunna. Sau biyu ana kai shi gaban mai unguwa. Matasan kuwa sun ɗauka sabon wasa ne. Yana zagi, jijiyar wuyansa ta tashi, su kuma sun kewaye shi suna dariya, kowa ya ɗaga wayarsa yana ɗauka.