Ƙafafun Zakara

Kakarmu ba ta da haƙuri da mai taƙama, ni kuma na gaje ta. A ƙauyenmu da ke Bokkos, lokacin sanyi, in muka dawo daga ban ruwan dankali a fadama, ba mai matsawa kusa da murhunta sai ta duba ƙafarsa. Ta goge da tsumma har tsakanin yatsu, ta sa mu cusa ƙafafun cikin busasshiyar ciyawar acca su farfaɗo, sannan a ba mu wuri. Ƙanena Ishaya kullum shi ne a gaba, baki buɗe, yana jiran tatsuniya.

"Ga ta nan tafe," takan ce, "mai kunne ya tare ta."

Wai a da ƙafafun Zakara cike suke da tsoka, sumul-sumul, har ya ɗinka musu jan takalmi. Aka kira gayya a fadama da sanyin safiya. Kowa ya naɗe ƙafa da ciyawa, ya ajiye wata busasshiya a bakin gona don canji. Zakara ya ce shi ba zai ɓoye jan takalminsa ba, 'yan mata na kallo. Ya wuni cikin ruwa har ƙafar ta mutu. Da ya koma gida ya zura ta cikin wuta, yana ta cika baki, bai ji komai ba sai ƙauri.

"Abin da ya rage ke nan, tsinke da ɓawo," in ji Kaka, tana nuna akurki da muciya. "Shi ya sa in sanyi ya kama shi yake ɗage ɗaya. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho."

Ishaya ya fi kowa dariya.

Yanzu ina karatu a Kuala Lumpur, ina zaune a unguwar Pantai Dalam, Ishaya kuma yana kwaleji a unguwar Danau Kota. A garin da fanka ba ta hutawa, bawan Allahn nan ya je ya nemo sanyi: ya kama aikin hutu a ɗakin ƙanƙara na wani kamfanin kaji. Suka ba shi takalmin aiki mai kauri, ya ce na masu yasar kwata ne. Farin kambas ɗinsa zai sa. Don kada ruwan sama ya shiga, sai ya riƙa ɗaura leda a kan safa. Dabara ke nan, ta ɗan kwaleji.

"Ishaya, gumi ma ruwa ne," na ce masa. "Cire ledar nan, ka riƙe busasshiyar safa ka canja kafin ka shiga. Yatsunka za ka rasa."

"Haba Yaya, relax lah. Ɗan Bokkos ne ni fa, this cold na small thing."

Ranar da abin ya faru, ruwan sama ya jiƙe shi a unguwar Titiwangsa, ya wuce aiki a haka, ya ƙara da na abokinsa da bai zo ba. Ya koma ɗaki ƙafar ta yi fari fat, kamar ba tasa ba. Sai ya juye tafasasshen ruwa a bokiti ya tsoma. Bai ji komai ba.

A asibiti na same shi, ya dogara da sanda, ya ɗage ƙafar hagu. Haushi ya hana ni gaishe shi. Likita ta ce yatsa ɗaya ba zai tashi ba, sai an cire.

"Yaya," ya ce a hankali, "kada Mama ta ji."

Na daɗe ina zaton tatsuniyar Kaka ta sanyi ce. Ashe ta masu kallo ce, waɗanda wawa ke ƙirƙira wa kansa. Na tambayi abokan aikinsa da suka zo dubiya, ba wanda ya tuna kalar takalminsa.

Har yau ina raina wautarsa, ban ɓoye masa ba. Amma ni nake goge masa ƙafar da tsumma, har tsakanin yatsun da suka rage.