Ni da Zomanyar Baba a Bayan Rumbu

Komai na wankan jegona na fari zan iya mantawa, ban da rigimar zomanya. Zamanin Turawa ne, shekarar da Baturen gona ya kawo zomayen gida Bodinga. Babanmu ya samo mace mai ciki ya kawo ƙauyenmu Mandera, yana ji da ita kamar wanda ya sayi goɗiya.

Ni kuwa na zo gida haihuwa daga gidan mijina a Danchadi, kuma ɗan fari ne. A lokacinmu ɗan fari abin kunya ne: ba kya kiran sunansa, ba kya yi masa wasa a gaban mutane. Nono ma sai kakata ta yi ta faɗa nake karɓarsa, ina kau da kai. Har yabona ake yi, wai na iya kunya.

Zomanya ta haƙa rami a bayan rumbu, ta tsige gashin ƙirjinta ta shimfiɗa, ta haihu, ta toshe bakin ramin da ƙasa, ta koma cin harawa kamar ba ita ba. Baba ya yi ta gadi daga hantsi zuwa magariba, ko leƙen wurin ba ta yi. Ransa ya ɓaci.

"Wagga muguwar uwa ta," in ji shi. "Ta bizne ɗiyanta da rai. Gobe in yanke ta a yi ma maijego romo, ɗiyan a ba su nonon akuya."

Ni kuwa na san abin da bai sani ba. Kullum da asuba, kafin ruwan wanka ya tafasa, nakan saci jiki da yarona zuwa bayan rumbu, in shayar da shi a nutse, in yi ta shinshinar wuyansa ina kiran sunan nan da aka hana ni. A nan nake ganin zomanyar. Takan tone ramin, ta tsaya a kan 'ya'yan su tsotsa na ɗan lokaci, ta fito ta mayar da ƙasa ta daddale, kada muzuru ya ji ƙanshinsu. Shan nan ɗaya yake riƙe su har wata asubar.

In na faɗa, na tona kaina. In na yi shiru, in sha romonta. Da na ji ƙarar wuƙa a kan dutse, sai na durƙusa.

"Baba, ka yi mata rai. Tana ba su nono da assalatu, ni na gani."

Ya buɗe ramin a hankali. Ga su tsirara, ido a rufe, ciki tim kamar ƙananan albasa. Ya mayar da wuƙa kube.

Kakata ce ta ƙi bari. "To ke, mi yak kai ki bayan rumbu da assalatu?" Na rufe fuska da zane, gidan ya kwashe da dariya. "A bar su," in ji ta. "Su biyu kunyar ɗan fari suka yi, ba su da laihi." Har ta rasu, Zomanya take kirana.

Tun ranar, in na ji an ce wance ba ta damu da ɗanta ba, ba na saurin yarda. Nakan tambayi mai maganar ko ya taɓa tashi da asuba ya duba.