Shagon da Kwalabe ke Kallon Bango

Ƙarfe takwas da 'yan mintoci take buɗe shagonta na kayan kwalliya. Ta yi shara, ta goge madubi, sannan ta kama aikin da aka shekara talatin ana yi mata dariya a kansa a layin nan. Takan bi kanta-kanta tana juya kwalabe. Duk man shafawar da wani ya mayar jiya fuskarsa na kallon waje, sai ta juya shi ya kalli bango, bayansa ya kalli mai saye. Baƙo in ya shigo sai ya ɗauka kayan ne suka yi fushi. Ba hoton budurwa mai sheƙin kumatu, ba rubutun ruwan zinariya, sai ƙananan baƙaƙe jere kamar tururuwa. A wurinta gaban kwalba na mai talla ne, abin da ke ciki kuwa a baya ake rubuta shi.

Sunanta na yanka ya kusa ɓacewa. Gwaggo Juya-Mu-Gani kowa ke ce mata, domin kome ka miƙa mata, kafin ta amsa gaisuwarka ta riga ta ɗauko gilashin ƙara girman rubutu da ke rataye a wuyanta. Ba likita ba ce, kuma ba ta taɓa yarda a kira ta haka ba. Shekara shida ta yi tana aiki a kantin magani tun tana budurwa, can ta koyi karanta sunayen nan masu karya harshe, sauran kuma ta tara shi da tambaya da rashin jin kunyar cewa ba ta sani ba.

Darasinta na farko ba ya canzawa. Abin da aka fara rubutawa a jerin sinadarai shi ya fi yawa a cikin kwalbar, na can ƙasa kuwa ɗan taɓawa ne. Gilisarin yana jawo laima ya riƙe wa fata. Basilin ba ya kawo ruwa, sai dai ya toshe hanya kada wanda ke ciki ya gudu, shi ya sa take cewa a shafa shi jiki na da sauran damshin wanka. Turare kuwa daɗin hanci ne kawai, kuma shi ne ya fi yawan tayar wa masu laushin fata da ƙaiƙayi.

Masu kawo kaya daga kamfanoni sun sha wuya a hannunta. Wani ya taɓa zuwa da sabon mai, an zana saƙar zuma ƙatuwa a gabansa, yana ta zuba kamar kanyar da ba daɗi. Ta bar shi ya gama. Ta juya kwalbar, ta bi jerin da farce tana ƙirgawa a fili, sai a na ashirin da uku ta iske zumar, bayan turare ma. Ta ce masa zumar nan leƙowa kawai ta yi ta gaishe su ta wuce. Mai ɗinkin da ke maƙwabtaka da ita har yau in ya tuna sai ya ajiye almakashi ya yi dariya. Maigidanta ma bai tsira ba. Yakan ce shi kaɗai ne kayan da ta ɗauka ba ta duba bayansa ba, ita kuma ta ce ai shi ya sa har yau take fama da ƙaiƙayi.

Amma ba don barkwanci na ɗauki alƙalami ba. Akwai wata malamar firamare, mai koyar da aji uku, wadda ita ce ta ba ni izinin faɗin labarinta. Shekara huɗu da suka wuce ta shigo shagon da hantsi, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta ce a ba ta hodar da ta fi kowace kauri. Mako biyu ke nan ba ta leƙa makaranta ba, ta ce ba ta da lafiya, har hutu ya zo. Shugaban makarantar ya aiko mata cewa in aka koma ba ta zo ba, za a ba wani ajinta.

Gwaggo ta jawo mata kujera zuwa bakin taga, ta roƙe ta ta sauke mayafin. Abin da ta gani ya sosa mata rai. Fatar kumatun ta yi fari fat, ta yi siriri har ana hango jijiyoyi, ga ƙuraje sun feso a goshi. Malamar ta ce wani haɗi ne ƙawarta ke kawo mata, wata takwas tana shafawa. Da farko kowa na yaba haskenta. Yanzu rana na ƙona ta kamar wuta, in ta daina shafawa kwana biyu fuskar ta yi ja ta kumbura, in ta koma ta lafa. Ta ciro farar roba daga jaka ta miƙa. Gwaggo ta juya ta kamar yadda ta saba. Babu ko harafi ɗaya.

"'Yata, abin da ya ƙi faɗa miki sunansa, yaya kika ba shi fuskarki?"

Malamar ta fashe da kuka. Gwaggo ta bari ta yi mai isarta, sannan ta ce tana zargin an zuba wa haɗin irin maganin nan mai ƙarfi da likitoci ke bayarwa na 'yan kwanaki don kumburi, wanda in an daɗe ana shafa shi yake cinye kaurin fata. Amma zargi ne, kuma nan iliminta ya tsaya. Hoda dai ba za ta sayar mata ba, don rufe wannan fuskar da hoda tamkar share ɗaki ne a tura sharar ƙarƙashin gado. Ta ja ƙofar shago ta kulle da rana tsaka, ga masu saye biyu a tsaye, ta tari mota ta raka ta wurin likitan fata.

Likita ya tsara yadda za a janye ta daga haɗin sannu a hankali, ya ce ta nemi mai marar turare da man kariya daga rana. Da suka dawo shago, malamar ta miƙa hannu ga wata kwalba mai murfin zinariya, don a tunaninta babbar cuta sai babban mai. Gwaggo ta ajiye wata 'yar kwalba marar ado kusa da ita, ta ba ta gilashin ta ce ta karanta da kanta, ai ita ce malama. Sinadarai biyar na farko iri ɗaya ne sak. Bambancin kawai mai zinariyar an ƙara mata turare da launi. Ta ɗauki ƙaramar, Gwaggo ta sa ta fara gwadawa a bayan kunne kwana biyu kafin ta kai shi fuska.

Sauƙi bai zo da wuri ba. Ranar komawa makaranta ta ƙarato fuskar na dabbare-dabbare, wani wuri baƙi wani wuri fari. Ana jibi za a koma malamar ta zo ta ce ta haƙura da aikin, ba za ta iya tsayawa gaban yara arba'in a haka ba. Gwaggo ba ta lallashe ta da ƙarya ba. Ta ce tabbas za su kalle ta, kuma za su tambaya, don bakin yaro ba shi da linzami. Amma fuskar za ta warke ko tana gida ko tana aji, ajin ne ba zai jira ta ba.

Ta je. Ko gama kiran suna ba ta yi ba wata yarinya ta ɗaga hannu.

"Malama, me ya sami fuskarki?"

"Na shafa abin da ban karanta ba," in ji ta. "Ku buɗe littafinku."

Kafin zangon ya ƙare iyaye mata suka fara zuwa shagon Gwaggo da ƙorafi. Wai 'ya'yansu sun hana su sakat, kowace kwalba a kan madubi sai sun ɗauka suna haɗa baƙi, wadda ba ta da rubutu kuma su ce Malama ta ce a tambayi sunanta. Gwaggo ta yi dariya har da hawaye.

Gwaggo, ƙarshen watan nan za ki miƙa wa 'yarki makullin shago, kin ce idanu sun gaji. Sun cancanci hutu. Ke ce mai kayan kwalliyar da ta san ranar da ba a sayar da kwalliya. Ke ce kika mayar da mata da yawa gida hannu wofi, suna jin haushinki a hanya, suna sa miki albarka bayan wata uku. Ba a taɓa ba ki lambar yabo ba, kuma na san da an ba ki sai kin tambayi da me aka yi ta. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Masu shaguna, ku ɗauki wannan daga gare ta: ku san abin da kuke miƙa wa mutane, kuma in abu ya fi ƙarfinku ku nuna hanyar asibiti. Mu masu saye kuma mu daina jin kunyar tambaya.

Makon jiya malamar ta zo yi wa Gwaggo sallama, da launin da Allah ya ba ta, ba ko ɗigon hoda. Har yanzu ita ce mai aji uku. Gwaggo ta tambaye ta ya fata, ta ce lafiya lau, sannan ta ƙara da cewa:

"Gwaggo, yanzu a famfon makaranta nake wanke fuskata, gaban kowa."